Ruwan da Ya Taru a Gwiwata

Gwiwata ta dama ta kumbura da damina, har sujada ta gagare ni. Na koma salla a kan kujera a gefen sahu, ni da na yi shekaru ina koyarwa ban taɓa barin ɗalibi ya jingina da bango ba. Ƙanena da ke noma a Utai ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho. Na yi masa godiya, ban kira ba. Likitanmu na Wudil ya ce ruwa ne ya taru, amma sai an duba ko wani abu ya yage a ciki. In ya yage, aiki za a yi, kuma bai yi mini alkawarin durƙuso ba.

Babbar 'yata ta kai ni Kano, inda ake ɗaukar hoton cikin jiki da na'urar maganaɗisu. Saboda maganaɗisun aka karɓe mini agogo da makullai. Wata ma'aikaciya ta kwantar da ni, ta ce kada in motsa ko kaɗan, domin motsi yana ɓata hoto. Wannan bai dame ni ba. A makarantar mishan da na yi, ko ƙuda ya sauka a hancinka lokacin taron safe, haƙuri kake yi da shi.

Na'urar ta kama ƙara kamar injin niƙa. Can sai na ji muryar ma'aikaciyar ta lasifika tana tambaya ko ina lafiya. Na yi shiru. Ta sake tambaya, ban tanka ba. Sai ƙarar ta tsaya, aka jawo ni waje da gaggawa.

Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, me ya hana ka amsawa? Ai ka tsorata ni."

"Cewa kika yi kada in motsa. Ba ki ce ban da magana ba."

'Yata ta leƙo daga ƙofa tana dariya. "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa, haka muka taso da shi. Umarni cikakke ake ba shi."

Aka sake daga farko, wannan karon da izinin amsawa.

Likita ya nuna mini ruwan a hoton, fari fat a kewayen ƙashi. Babu abin da ya yage. Ya zuƙe shi da allura, ya rubuta magani. Ƙanena ya ce ai abin da ƙaho zai yi ke nan. Na bar shi da ra'ayinsa.

Kafin a fara girbi na mayar da kujerar ɗaki. Na shiga sahu, na kai goshina ƙasa, a hankali amma yadda ya kamata.