Faten Dankali a Tukunyar Maƙwabciyata

Cikina ne ya ja mini. Shekara da shekaru, da zarar na ci abinci sai ya kumbura ya yi tam, ga ƙaiƙayi a wuya da hannaye. Na sha magani har na gaji. Daga ƙarshe wata likita ta ce mu gwada wata dabara: wata guda cur in bar hatsi kowane iri, da wake da gyaɗa har da man gyaɗar, da madara da sukari, da duk abin da aka sarrafa aka ƙulla a leda ko gwangwani. Bayan watan sai a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya, a kama mai laifin. Ta ja mini kunne cewa ko loma ɗaya na saci jiki na ci, to aiki ya lalace, sai a faro daga farko. Na tambaye ta me ya rage mini, iska? Ta ce akwai nama da kifi da ƙwai, akwai ganye da 'ya'yan itace, akwai kuma dankalin turawa.

A garin Bauchi a hana mutum masa! Amma ciwo ya ishe ni, na amsa da to.

Na sayo dankalin Jos kwando guda, na dawo da shi a keke har gidanmu da ke Tirwun. Ranar farko na dafa shi da gishiri, na ci ina hararar tukunyar tuwon yara. Daga baya na koyi sa shi a ruwan sanyi da ɓawonsa kafin in kunna wuta, don kada bayansa ya ruɓuɓɓuke cikinsa yana ɗanye. Na gasa a garwashi, na soya da manja. Wata rana kewar tuwo ta kama ni, na zuba dafaffe a turmi na kirɓa, wai zan yi sakwara. Abin da ya fito, da shi za ka iya manna takalmi. Maigida ya leƙa turmin, ya ce in ajiye masa kaɗan akwai tsagewa a katanga. Ban yi dariya ba, yunwa nake ji. Abin da ya cece ni shi ne fate: dankali da manja, albasa, attaruhu, busasshen kifi, sai alayyahu a ƙarshe. Kuma cikin ya fara lafawa, har na soma barci ba juyi.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Maman 'Yan-biyu, Kirista 'yar ƙasar Bogoro mai sayar da gwanjo a kasuwa. Tun da muka tare a unguwar kwano ke tsallake katangar nan. In ta yi gwate, wato faten acca, sai ta miƙo, in na yi dambu sai in miƙa. Duk Kirsimeti kuwa mijinta kan kira maigidana tun da safe ya yanka musu kaji, don kawai mu samu mu ci ba tare da wani ɗar-ɗar ba.

To watan dankalina sai ya faɗo a Disamba. Kuma a daidai lokacin na shiga Islamiyyar matan aure ta yamma, kullum tana ganin fitata da jakar littattafai. Ni ban haɗa waɗannan biyun a raina ba.

Ranar Kirsimeti ta shigo da kanta ɗauke da tire: shinkafa, miyar kaji da aka soya da man gyaɗa, ga cincin. Ta same ni zaune da kwanon fatena. Ta zauna ta ce in ɗanɗana ta gani, bana ta canza hannu. Na yi mata bayanin likita tiryan-tiryan. Ta ce to ko tsoka ɗaya, ai maigidana ne ya yanka. Na ce matsalar man ce. Ta dube ni sama da ƙasa, ga ni ɓul-ɓul ba alamar ciwo, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta tashi. Yara suka yi wa tiren wasoso, ni kuwa na ci gaba da jin kaina jaruma.

Kwano ya daina tsallakowa. Gaisuwa ta koma “ina kwana” da “lafiya”. Matar da ke ce mini ƙawata ta koma kirana Hajiya. Ban gane dalili ba sai da maigida ya dawo wata rana ya ce mijinta ya tare shi a hanya. Wai a tsohuwar unguwarsu sun zauna da wata maƙwabciya Musulma shekara da shekaru ana cin abincin juna, rana ɗaya ta fara dawo musu da kwano yadda aka kai shi, daga baya ta hana 'ya'yanta shiga gidan. Ita ma da ciwon ciki ta fara fakewa.

Raina ya ɓaci, ba kaɗan ba. Ni za a yi wa wannan zaton? Sai kuma tausayinta ya rufe ni. Na kwashi dankali a roba, na haɗa da manja da kifi da alayyahu, na yafa mayafi na faɗa gidanta ko sallamar kirki ban yi ba. Tana wanke-wanke. Na dire kayan a gabanta.

“Maman 'Yan-biyu, ɗora tukunyarki. Da hannunki za ki dafa mini, a nan zan ci.”

Ta tsaya tana kallona, sannan ta goge hannu ta jawo wuƙa. Tana fere dankalin ina kafa mata doka. Ta ɗauko sinadarin ɗanɗano na ce a'a. Ta ɗauko gyaɗa don ya yi kauri na ce ajiye. Ta ce ko 'yar acca? Na ce ba ko ƙwaya. Ta ce wannan likitar ba ta da tausayi, na ce a nan mun yi daidai.

Da ya nuna ta juye mana a kwano ɗaya, muka zauna a tabarma muka sa hannu. Ta kai loma, ta tauna, ta yamutsa fuska.

“Wannan kike ci tun farkon wata?”

“Shi, safe da rana da dare.”

“Ashe da gaske ba ki da lafiya.”

Na yi dariya har na ƙware, ita ma ta yi. Sai ta shiga juya dankali a kwano, ba ta ɗago ba.

“Jiya na ce wa Baban 'Yan-biyu ya fara nema mana gida a wata unguwa. Na ce ba zan iya sake ganin abin nan sau biyu ba.”

Na riga na ƙoshi, amma na tura mata kwanon na ce ta ƙaro mini, ta kankaro har da na gindin tukunya.