Karkataccen Soja

Manong Crispulo ya shekara arba'in yana gyaran agogo a bakin kasuwar Iloilo, sana'ar kuwa ta bar masa ciwo guda: idonsa ba ya jure ganin abu a karkace. Ko farantin shinkafa aka ajiye masa, sai ya daidaita shi kafin ya kai loma. Da la'asar yakan tafi gindin bishiyar dandali su buga darar ces shi da abokansa, yana gyara wa kowa zaman 'ya'yansa a kan allo, ana yi masa tsiya.

Bana ya shiga gasar lardi. Gurbi ɗaya ya rage a tawagar ƙungiyarsu mai zuwa Manila, likita kuma ya gaya masa idon nan ba zai kai baɗi yana ganin allo ba. A zagayen ƙarshe aka haɗa shi da Eufronio mai busasshen kifi, wanda ya san shi kamar yunwar cikinsa.

"Yau fa ba gindin bishiya ba ne, tsoho," in ji Eufronio. "Ka taɓa naka, ka tafi da shi. Ka taɓa nawa, ka ci shi. In gyara za ka yi, faɗi tukuna."

"Ka ji da kifinka," in ji Crispulo.

Cikin sa'a guda Crispulo ya cinye wa Eufronio doki. Daga nan Eufronio ya fara ajiye 'ya'yansa a karkace, wannan ya hau layi, wancan ya leƙa gidan maƙwabci. Crispulo ya gane tarkon. Ya cusa hannuwansa ƙarƙashin cinya yana gumi. Zauren tsit, sai kukan fanka.

Can ya hango hanyar kashe sarki cikin tafiya huɗu, lissafi ya tafi da hankalinsa. Ko da ya dawo, yatsunsa na kan sojan Eufronio, ya zaunar da shi daram a tsakiyar gida.

Eufronio ya tsayar da agogon wasa, ya ɗaga hannu.

"Ka ce gyara za ka yi?" alƙalin wasa ya tambaya.

In ya ce ya faɗa, ba wanda zai iya ƙaryata shi. "Ban ce ba," in ji Crispulo.

Sarauniyarsa kaɗai ke iya cin sojan, kuma akwai dokin Eufronio na gadinsa. Ya ci.

Eufronio ya ɗauke sarauniyar a hankali, bai ko dube shi ba. "Shekara ashirin ke nan ina kallon hannun nan naka, aminina."