Baba Ummaru Mai Albasa Ya Tafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan aka bugo mini waya daga Aliero, wai Baba Ummaru mai albasa ya rasu. Na ajiye wayar na zauna bakin ƙofa.

Tun ɗazu nake ganinsa kamar a mafarki. Kasuwar Jega da hantsi, farkon samun Jihar Kebbi, yana zaune kan tabarma cikin farar riga, iska na kaɗa ɓawon albasa a gabansa.

Lokacin ina sabon aure. Na kwaso albasar gonarmu kaf daga Gumbin Kure, da ita za mu ci shekara. Ruwan farko ya tare motarmu wajen Maiyama, buhunan suka jiƙe. Duk mai saye da ya zo sai ya taɓa, ya girgiza kai, ya wuce. Na san in ta kwana biyu haka ruɓewa za ta yi.

Rumfar Baba na kusa da inda na sauke. Ko sunana bai sani ba.

Ya taso ya ce, "Mi kake jira? Kwance mu baje ta, ta sha iska."

Muna cikin bajewa sai ga babban kwastomansa, wani Bayarabe da ke zuwa da mota daga Ibadan. Baba ya tarbe shi, ya ba shi ruwa, ya tambayi iyali. Sannan ya kamo hannunsa ya kawo shi wurina, ya nuna masa albasata ya ce:

"Ruwa ya taɓa ta, ban ɓoye maka ba. Amma zuwa la'asar ta bushe. Tawa tana iya jira, ta wannan bawan Allah ba ta jira."

Mutumin ya kwashe ta duka.

Na ce, "Baba, kai fa?"

Ya yi murmushi. "Rabona ba ya shiga motar wani."

Haka na san shi har tsufa. Wanda ya taya bai saya ba ma, sai ya raka shi da "Allah shi kawo ka wata rana."

Bara na je gaishe shi a gida. Idanunsa sun yi rauni, da murya ya gane ni. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, yana tambayar 'ya'yana da sunayensu. Da na tashi tafiya ya lalubo sandarsa. Na roƙe shi ya zauna, ya ƙi.

"Baƙo ba ya hita gidana shi kaɗai, ka jiya?"

Ya rako ni har bakin titi. Na waiwayo daga cikin mota, yana nan tsaye, yana ɗaga hannu wajen da yake jin ƙarar injin.

Ya Allah ka gafarta wa Baba Ummaru, ka haskaka kabarinsa, ka tarbe shi da rahama, ka ba iyalinsa haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a.