Guzurin Kilishi a Takardun Bincikena

Har ƙasa ta rufe mini ido ba zan manta da guzurin da Baba ya yi mini zuwa Faransa ba.

Lokacin ina digiri na biyu a Yawunde, ina auna yadda ƙwayoyin jinin shanu ke jure zafi. Jinin kuwa a mayankar Garwa nake ɗebo shi, inda Baba ke fawa. Sai aka zaɓe ni cikin ɗaliban da za a ba tikitin jirgi da masauki su je taron masana, da sharaɗin in kafa zanen sakamakona a bango in kare shi. Malamina ya ja mini kunne cewa in na kunyata shi, da wuya a sake ɗaukar wani daga sashenmu.

Na zo gida sallama, kai ya kumbura. Manyan takardu huɗu na zana da hannu, aikin shekara biyu, na jingine su a zaure ban ce wa kowa uffan ba. A ganina, me mahauci zai gane?

Shi kuwa Baba yana da ƙa'ida. Duk takardar da ta zo hannunsa sai ya duba: in da rubutun Larabci ya adana ta, in babu ta zama ta naɗe nama. Nawa layuka ne kawai da ɗige-ɗige.

Safiyar tafiya ina ta cigiyar takarduna, sai ga shi da kilishi ƙunshe a cikinsu yana murmushi, wai ya samo masu kauri waɗanda ba za su yage ba. Mai da yaji sun riga sun ratsa su. Na yi masa magana da muryar da har yau nake jin kunyarta. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Shekara biyu kana ɗibar jini a wurina, ka taɓa gaya mini abin da kake yi da shi?"

Babu lokacin sake zane. Allah ya so tawadar ba ta goge ba, ni kuma na san aikina ciki da bai. Haka na kafa su a wurin taron da tabonsu. Ƙamshi ya jawo mutane, lissafi ya tsayar da su. Da wani tsohon farfesa ya nuna tabon, na ce sa hannun mai ba ni jinin ne.

Da na dawo na shimfiɗa takardun a gaban Baba, na bi su layi-layi da Hausa. Ya saurara, ya ce shi da ido yake gane jinin saniyar da rana ta galabaitar. Ya tattara su ya ɗora kusa da littattafansa na Larabci, can na same su bayan rasuwarsa.

Tun da na fara koyarwa, ɗalibina ba ya tafiya taro sai ya fara bayyana wa na gida aikinsa. Wanda ka raina ka ƙi yi wa bayani, ba ka da bakin zarginsa.