Mai Watsa wa Zalɓe Gero

Jikata Jael ta jawo ni bakin teku a nan ƙasar Turawa, wai in miƙe ƙafa. Turawa sun jeru da madubin hangen nesa, suna leƙen tsuntsayen da sanyi ya koro.

Ga wani ɗan ƙasarmu can da rigar gadi, furfura ta fara cin gemunsa. Yana zaro gero daga aljihu yana watsa wa wani zalɓe, yana fito.

Na ce, "Ɗan nan, zalɓe ai kifi yake ci."

"Na sani, Mama, hannu ne ya saba. Tattabaru arba'in na baro gida, shekara shida ke nan."

Na san mutanenmu: tuni 'yan'uwa suka soye su, shi kuwa yana nan yana aika kuɗin gero.