Yadda Na Baro Ummi a Gondar

Gadarif

Ba a kira assalatu ba muka fito daga gida, ni da 'yata Ummi. Damina ta yi nisa, baƙar ƙasar unguwarmu ta jiƙe, kowane taku sai takalmi ya ɗauko laka. Na ɗora jakarta a ka, ita kuma ta riƙe guzuri: kisra, wato wainar dawa mai faɗi ta mutanen Sudan, dafaffen ƙwai, da man riɗi a gorar roba wadda uwarta ta toshe da kyau.

Ummi tana karatun fiziya a jami'a, wato ilimin haske da zafi da motsin abubuwa. An zaɓe ta cikin ɗaliban da za su yi wata biyu a wata jami'a da ke Gondar, ƙasar Habasha, domin can akwai na'urorin gwajin haske da babu irinsu a wajenmu. Makin da ta samo za a haɗa mata da na gida. In ba ta zauna ta gama ba, ta yi asarar gurbin, ba a kuma ba mutum sau biyu.

Mahaifiyata Inna, wadda Ummi ta ci sunanta, ba ta so tafiyar ba. A gidanmu ba a yarda akwai gajeriyar tafiya ba. Mahaifin Inna ya baro ƙasar Zazzau a ƙafa da niyyar hajji, ya tsaya nan Gadarif ta ƙasar Sudan don ya yi damina ɗaya ya sami guzuri, ga shi har yau jikokinsa muna nan. Da muka durƙusa yi mata sallama, sai ta riƙe hannun rigata ta ce, “Ka kai mini takwara, amma ka zuba mata ido. In ka ga zuciyarta ta zauna a wurin, ka dawo mini da ita ko tana kuka. Ka ji?”

Na ce na ji. Ummi ma ta ji.

Doka zuwa Gallabat

Mun yi sallah a tasha, bas ta tashi gari na wayewa. Hagu da dama dawa ce da riɗi, kore shar har inda ido ya ƙare, hazon safiya yana kwance a kansu kamar hayaƙin da ya rasa hanyar tashi. Na yi shekaru ina bin wannan hanya zuwa gona, amma wannan ne karon farko da na karanta allon garin Doka da kaina, albarkacin ajin manya da nake zuwa da yamma. Na karanta a hankali, harafi bayan harafi, har bas ta kusa wuce shi. Ummi ta yi kamar ba ta ji ba, amma na ga tana murmushi a gilashin taga.

A wani shinge soja ya duba takardunmu, ya tambayi abin da za ta karanto. Da ta ce haske, ya ce in ta dawo ta taimaka ta kawo musu kaɗan, tantinsu ba fitila. Direba ya ce shi ya riga shi layi, fitilarsa ta hagu ta mutu tun bara.

Da hantsi muka isa Gallabat, garin kan iyaka. Aka buga mana hatimi, muka taka wata 'yar gada da ƙafa, shi ke nan wai mun bar Sudan.

Metema zuwa kan dutse

Ƙetare gadar zuwa garin Metema ke da wuya na koma makaho. Rubutun allunansu ba Larabci ba ne, ba boko ba ne, wasu 'yan haruffa ne masu ƙafafu kamar mutane suna tafiya kasuwa. Agogon tasharsu ya saɓa da nawa, domin su daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i. Har shekararsu ma tana bayan tamu. Na ce wa Ummi ashe da na sani tuntuni na zo na rage tsufa.

Muka shiga ƙaramar bas, bayan azahar ta fara hawa. Ni mutumin fili ne, ban san ƙasa tana iya miƙewa tsaye haka ba. Hanya ta riƙa naɗe duwatsu, kunnuwana suka toshe, maganar mutane ta koma kamar daga cikin rijiya. Can Ummi ta ciro gorar man riɗi ta nuna mini. Ta kumbura tim, kamar za ta fashe. Ta ce iska tana da nauyi, mu mutanen ƙasa-ƙasa tun ranar haihuwa muke ɗauke da ita a ka ba mu sani ba, yanzu da muka hau an rage mana kaya, shi ya sa iskar cikin gora ta sami wurin miƙe ƙafa.

Na daɗe ina juya maganar. Sai ga gajimare ya shigo ta taga, sanyi-sanyi, ya jiƙa mini gemu ya fita ta ɗaya tagar. Na leƙa ƙasa na ga wani gajimaren a ƙarƙashinmu, shanu suna kiwo a samansa. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba, ban kuma tabbata na yi barcin ba.

Gondar

Mun sauka gab da magariba a gidan wata dattijuwa Musulma da ke ba ɗalibai mata hayar ɗaki. Tana jin Larabci kaɗan. Ta kawo mana injera, 'yar'uwar kisra ce amma ta fi kauri da tsami. Na duba ƙofa da sakata da wurin alwala, ban ga abin kushewa ba. Shayinsu ne dai ya tafasa amma bai ƙona baki ba, Ummi ta ce wannan ma aikin iska ne.

Washegari muka je jami'a. Malamar da za ta koyar da su ta ce ni ma in shigo. Ɗaki ne mai baƙin labule, ba ka ganin tafin hannunka. Ta kunna wata fitila, zaren haske guda ya ratsa ɗakin, ƙura tana iyo a cikinsa. Ta sa wani gilashi mai kusurwa uku a gabansa, sai farin hasken ya buɗe a bango, ja da rawaya da kore da shuɗi, bakan gizo ba ruwan sama. Ta ce launukan nan dama suna cikinsa, tafiya tare suke yi.

Na juya in yi wa Ummi magana. Launukan sun faɗo a gefen fuskarta, bakinta a ɗan buɗe. Na kira ta, ba ta ji ba. Na sake kira, ba ta ji ba. Yarinyar da ko tarina ta ji daga zaure sai ta taso. Abin da Inna ta ce in duba ke nan, ga shi na gani, ba sai an fassara mini ba.

Bayan gari

Da la'asar na ce zan taka in sha iska, Ummi ta biyo ni. Muka yi ta tafiya har muka fita bayan gari, inda wani manomi yake huɗa da shanu biyu a gefen tudu. Ƙasar da garmarsa ke juyawa ja ce, jawur, tana tururi bayan ruwa. Ban san sa'ad da na tsuguna ba. Na ɗebo ta na murza, ba ta danƙo kamar tamu, tana watsewa a hannu kamar gari. Na shinshina. Na fara tambayar mutumin da hannu me yake shukawa, sau nawa ake nome ta, shi ma yana ba ni amsa da hannu. A raina har na ga inda zan sa dawa, da inda bukka za ta zauna ta ba iska baya.

“Baba,” in ji Ummi, “Inna ta ce haka babanta ya yi ranar da ya iso Gadarif.”

Na miƙe ina kakkaɓe hannu. Ta sunkuyar da kai ta ce ta san na ganta a ɗakin gwajin hasken, in na ce mu koma ba za ta yi gardama ba, jakarta ma ba ta kwance ba.

Na dubi tudun, na dubi jar ƙasar da ke farcena. Ina son wurin nan har cikin ƙirjina, duk da haka ciyawar da ke cin dawata a gida ita ma tana ja na, kuma na san da safe bas zan nema. Kakana shekaru ya yi yana taka hanyarsa da ƙafa. Tawa hanyar wuni guda ce.

Na ce, “Je ki kwance jakarki, Ummi. Ki karanta haskenki da kyau.”

Ta ce, “Inna fa?”

Na ce wannan kayana ne, ni zan ɗauka. Na ƙulle ƙasar kaɗan a bakin rawanina, muka koma.

Komawa

Na sauko ni kaɗai. Kunnuwana suka buɗe a Metema, zafi ya tarye ni a gada kamar ɗan'uwa, na ji iskarmu ta koma kaina da nauyinta. Tun daga Doka nake shirya maganar da zan faɗa, kowace na shirya sai ta rushe.

Na sami Inna a kan tabarma bayan la'asar, tana tsince wake. Ta dubi bayana kafin ta dube ni. Na durƙusa na ce, “Inna, na gani. Zuciyarta ta zauna. Na kuma bar ta.”

Ta ci gaba da tsintar wake kamar ba da ita nake ba. Sai na faɗa mata sauran, har tsugunon da na yi a gonar mutane, na kwance bakin rawani na zuba mata ƙasar a hannu. Ta murza, ta kai hanci, ta rufe ido. Ta ce haka babanta yake cewa ta garinsu take, ja, ita ba ta taɓa gani ba. Ta daɗe a haka. Sannan ta ƙulle ta a gefen mayafinta, ta jawo faifan wakenta.

“To, ta yi wata biyunta,” in ji ta. “Amma ranar ɗauko ta, ƙanenka Isuhu zai je. Kai ban yarda da kai ba.”

Na gode wa Allah da ya kai mu lafiya ya dawo da ni, na gode wa dattijuwar Gondar da ta riƙe mini 'ya. Isuhu kuwa na riga na gaya masa, in ya je kada ya fita bayan gari.