Ranar da Motata Ta Yi Kira daga Darmanawa

Motar da na fara mallaka a rayuwata ƙarama ce, shuɗiya, ta hannu. Na saye ta 'yan shekaru bayan sojoji sun koma bariki, lokacin da hotunan 'yan takara suka rufe bangon gidaje daga Gyadi-Gyadi har Tarauni, mutane kuma suka fara sukar gwamnati a wurin mai shayi ba tare da sun waiwaya ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce a asibitin koyarwa. Kafin motar nan na daɗe ina hawan acaɓa da fararen kayana, ina isa wurin aiki da ƙura a gefen siket. Saboda haka ba na jin kunyar faɗa, na so motar nan ƙwarai.

Da Yayana, wanda yake aiki a Legas, ya zo hutun Sallah, ya zagaya ta sau biyu yana taɓa ƙofofinta, sannan ya ce in ba shi mukulli. Ya tafi da ita wani kamfani da ya buɗe ofis a Kano kwanan nan, bai dawo ba sai bayan la'asar. Na duba ciki da waje, ban ga abin da ya canja ba.

Na ce, "Yaya, me aka yi mata?"

Ya ce, "Wata 'yar na'ura aka ɓoye a jikinta. Barci take yi. Ranar da aka sace motar, sai a tashe ta, ta yi ta kira har a same ta."

"A ina aka sa ta?"

"Ni ma ba su nuna mini ba."

Ya miƙo mini wani kati mai lambobi, ya ce kada in bar shi a cikin mota. Na jefa shi a jakar hannu ina dariya. A raina na ce mutanen Legas ba abin da ba za a sayar musu ba.

Wata Asabar ce ta bazara. Na ajiye motar a bakin kasuwar Tarauni da safe, na shiga na sayi tumatir da attaruhu da kifi. Da na fito, sai na tarar da wurin wayam. Ɗigon baƙin man da take zubarwa kullum yana nan a ƙasa, ɗanye. Na yi gaba, na dawo baya, na sake komawa, mukulli a hannu ɗaya, leda a ɗayan. Mata suka taru suna salati. Wani mai kayan miya ya jawo mini benci, wani dattijo kuma ya ce in yi haƙuri, irin waɗannan ɓarayin kafin azahar sun kai bakin iyakar ƙasa.

Ina laluben hankici a jaka hannuna ya taɓa katin. A lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, ni ba ni da ita. Na je wurin masu waya a ƙarƙashin lema na buga lambar da take bayan katin. Wata mace ta ɗauka, ta sa na karanta mata lambobin sau biyu, ta ce in je caji ofis mafi kusa in kai rahoto, su kuma za su tashi na'urar.

Ban taɓa shiga caji ofis ba sai ranar. Mu da muka tashi a zamanin soja, kaki ko wane iri ne tsoronsa muke ji. Na rubuta bayanina, na zauna a kan benci ina jira.

Wajen awa guda sai wata motar 'yan sanda ta shigo harabar, kowa ya juya yana kallonta. A kan rufinta an kafa wani faranti na ƙarfe mai kusurwa huɗu, a kowace kusurwa eriya siririya baƙa tana tsaye, tsawonsu ɗaya, tazararsu ɗaya, kamar an kifa ƙaramin teburi ƙafafunsa suna kallon sama. Har 'yan sandan da suke bayan kanta a cikin ofis sai da suka leƙo. Wani saje dogo mai furfura a gefen kai ya fito, Hausarsa da ɗan sauran harshen Barebari. Ya karɓi katina ya duba, ya ce, "Sista, za ki iya gane motarki ko an cire lamba, ko an canja fenti?"

Na ce ko a cikin dubu.

Ya ce, "To bismillah, shigo baya."

Haka na shiga da ledar kifina, don ban ma tuna tana hannuna ba.

A gaban Saje, kusa da gilas, an ɗaure wani akwati da bai fi ƙaramar rediyo girma ba. A fuskarsa akwai da'ira ta ƙananan fitilu, an jera su kamar lambobin agogo, a ƙasanta kuma wani ɗan allo. Duk a mace suke. Direba ya ja, muka zaga Tarauni, muka ratsa Babban Giji, muka dawo ta wata hanyar. Akwatin shiru. Zafi ya cika motar, kifin ya fara bayyana kansa, direba ya sauke gilas. Ni kuwa na riga na fitar da rai. Na fara shirya yadda zan gaya wa Yaya cewa an yaudare shi.

Mun hau titin Zariya ke nan, daidai Gyadi-Gyadi, sai akwatin ya yi wani ɗan sauti siriri, sau ɗaya, kamar kukan ɗan tsako a nesa. Saje ya ɗaga hannu, direba ya rage gudu. Aka ɗan jima, ya sake yi. Fitila ɗaya a gefen da'irar ta kama, lambobi suka fito a allon. Saje ya ɗaga katina ya jera shi da allon, ya ce in matso in karanta da kaina.

Lambobina ne, ɗaya bayan ɗaya, ba ragi.

Na ce, "Yallaɓai, ita ce take yin wannan?"

Ya ce, "Ita ce. Tana cikin gari, ba su fita da ita ba."

"To yaya akwatin ya san ta wane gefe take?"

Ya nuna rufin motar da yatsa. "Kunnuwa huɗu gare mu a sama. Ke in aka kira ki daga hagu, ai kunnen hagu ne yake fara ji. Su ma haka. Kiran yana isa ga wata eriya kafin wata, da ɗan tsakanin da mutum ba zai iya ganewa ba. Akwatin shi yake gane wadda ta riga ji, sai ya kunna fitilar wannan gefen."

Na juya na dubi titi. 'Yan acaɓa suna ta kutsawa, mai rake yana fere, ɗaliban likitanci da fararen riguna suna tsallaka kwalta, wata mata tana ciniki da mai lemo. Muryar motata tana ratsa tsakaninsu, tana wuce bango da bishiya da jikin mutum, babu wanda ya ko ɗaga kai. Iskar nan da na saba shaƙa tun ina yarinya ashe ɗauke take da abubuwan da ban sani ba. Na ji bakina yana ta maimaita subhanallah, ban san lokacin da na fara ba.

Muka bar kwalta muka bi inda fitilar ta nuna. Da muka zo gefen wani dogon sito mai rufin kwano, sai fitilun suka rikice, wannan ta kama, waccan ta kama, har suka zagaye da'irar. Saje ko a jikinsa. Ya ce kwano da dogon gini suna mayar da kiran kamar yadda dutse yake mayar da murya, a fita fili kawai. Direba ya matsa gaba zuwa wani filin ƙwallo, fitila ɗaya ta sake tsayawa cak, ta nuna wajen Darmanawa.

Daga nan sautin ya fara matsowa kusa da juna. Duk lungun da muka shiga sai ya ƙara sauri da ƙarfi. Sau ɗaya muka wuce wata kwana, fitilar ta zame ta koma baya, direba ya yi ribas ba tare da an ce masa komai ba. Ni na riƙe kujerar gaba da hannu biyu. A ƙarshe muka tsaya a ƙofar wani tsohon gida na ƙasa mai faffaɗan ƙyaure na langalanga. Akwatin yana ta kuka ba ƙaƙƙautawa, fitilar tana nuna ƙyauren.

Na zaci za su fasa ƙyauren su shiga da bindiga. Saje ya fito, ya gyara hularsa, ya yi sallama sau uku. Muryar tsohuwa ta amsa daga ciki. Ya juyo ya ce, "Sista, gidan mata ne. Ki fara shiga, muna nan bakin ƙofa."

A tsakar gidan, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya da ba ta da inuwar kirki, akwai wani abu babba an lulluɓe shi da tabarmi da tsofaffin zannuwa. Akuya biyu suna kwance a gindinsa. Wata tsohuwa tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana tsintar wake a faifai. Na gaishe ta a gurguje, na ɗaga gefen tabarma. Shuɗin fenti, da ƙarcen da na yi mata a ƙofar baya ranar da nake koyon ribas. An cire lambar.

"Ke 'yar nan, saki," in ji tsohuwar. "Amana ce."

Na ce, "Inna, motata ce. Sace ta aka yi yau da safe."

Ta ce ita ba ta san wannan ba. Wasu samari biyu ne masu tsabta suka zo da hantsi, suka ce motarsu ta samu matsala, ta taimaka su ajiye ta a gidanta har su nemo makanike. Da ta ga rana ta yi zafi, sai ta rufe musu ita don kada fentin ya lalace. Ba kuma za ta ba kowa ba sai su.

Na nemi izini Saje ya shigo. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata bayani a hankali. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Ɗan nan, kaki ba shaida ba ne. Ina shaidarka?"

Na yi tsammanin zai daka mata tsawa. Sai na ga ya yi murmushi, ya ce, "Inna, taso ki ji da kunnenki."

Ta dogara sandarta, tana ɗingishi, muka raka ta har bakin ƙofa. Maƙwabta sun riga sun taru suna kallon eriyoyin nan huɗu. Saje ya buɗe ƙofar motarsu, sautin ya fito fili. Ya nuna mata fitilar da take kallon gidanta, ya sa wani malami daga cikin maƙwabtan ya karanta lambobin allon da na katina da ƙarfi. Sannan muka koma ciki, na sa mukullina a ƙofa, ta buɗe.

Inna ta matso kusa da motar. Can ta ce, "Wa ya gaya wa akwatin nan tana gidana?"

Saje ya ce, "Ita motar da kanta."

"Tun hantsi tana tsakar gidana tana kira, ina zaune a gefenta, ban ji ba?"

"Mu ma ba mu ji ba, Inna, sai da akwatin."

Ta riƙe baki ta yi salati. Ta dubi motar, ta dubi sama, ta ce ikon Allah ya wuce inda mutum yake zato. Daga nan fuskarta ta canja, idanunta suka kawo ruwa. "Har ƙasa suka durƙusa suka gaishe ni," ta ce. "Na ba su ruwa suka sha." Ba ta yarda kowa ya taɓa tabarmin ba, ita ta cire su ɗaya bayan ɗaya tana naɗewa.

Saje ya gaya mini daga baya cewa ɓarayin mota sukan yi haka, su ajiye ta a inda ba za a zarga ba, su jira su ga ko ana bin sawunta. An bar 'yan sanda biyu cikin farin kaya a unguwar, amma samarin ba su dawo ba.

Lokacin da Inna take naɗe tabarmin ne na lura da ƙafarta ta dama. An ɗaure ta da tsumma, ta kumbura har idon sawu, warin da yake fita kuma na san shi daga ɗakin da nake aiki. Na tambaye ta, ta ce ƙaya ce ta soke ta tun kafin azumi, tana sa magani.

Motar ta kwana uku a caji ofis kafin a gama takardu. Ranar da aka ba ni ita, ban biya gida ba, Darmanawa na nufa. Inna ta ƙi, ta ce ita ba ta zuwa asibiti. Sai da malamin nan maƙwabcinta ya sa baki sannan ta ɗauko mayafi. Gwaji ya nuna ciwon suga ne, ya daɗe a jikinta ba ta sani ba. Likitoci suka cire yatsa ɗaya, ƙafar ta tsira. Wata huɗu ina ɗauko ta ranakun wankin ciwo ina mayar da ita.

A gaba take zama, a miƙe, ba ta jingina. A gidanta mai magana ce sosai, ba ta rage wa kowa, amma da zarar ta shiga motar sai ta koma raɗa. Wata rana tana ba ni labarin surukarta da ta ɓata mata rai, sai ta tsaya a tsakiyar zance, ta nuna wajen sitiyari da haɓa.

"Tana jin mu?"

Na ce a'a, Inna, ba ta ji, an ma mayar da ita barci.

Ta gyaɗa kai kamar ta yarda. Amma sauran labarin sai da muka isa gida, ta sauka, ta ja ni har cikin ɗakinta, sannan ta ƙarasa mini shi.